KUƊIN GYARAN KABARI "HAR ABADA": Yadda iyalai a Amurka suka yi gayya suka maka kamfanonin makabarta a kotu

Kowace shekara idan damina ta ja baya kaka ta kawo jiki, akan yi sanarwa ranar Lahadi cewa Asabar mai zuwa kowa ya fito da fartanya da adda da lauje, za a je gyaran makabarta. Matasa su sare ciyawa, dattawa su riƙa nuna inda wane yake kwance da inda wance take, 'yan Zumuntar Mata su kawo kunu. Kafin rana ta take an gama, kowa ya kama gabansa. Ba a ba kowa rasit, ba wanda ya sa hannu a wata takarda. Mu da aikinmu ya sa muke tsayawa bakin kabari fiye da sauran jama'a, mun saba da wannan har muna ganin kamar haka duniya duka take.

Wata dattijuwa ce ta farkar da mu. Ɗanta ya rasu a Amurka, abokan zamansa suka yi karo-karo suka binne shi can, suka aiko mata da hoton takardun cinikin kabarin don hankalinta ya kwanta. Ta kawo mana ta ce, "Malam, an ce har kuɗin gyaran kabarin an biya, wai na har abada. To, wa zai riƙa zuwa yana dubawa?" Muka ce, "Mama, ki ba mu lokaci mu bincika." Abin da muka tarar ya fi ƙarfin amsa ta baki ɗaya, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi ga masu karatu, musamman da yake 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suna zaune a can, sannan ko a Legas makabartun kuɗi masu zaman kansu sun riga sun kafu.

A Amurka kabari haja ce. Akwai makabartun gwamnati da na ikkilisiyoyi da na ƙungiyoyi, amma akwai kuma na kamfanoni, waɗanda suke yanka fili su sayar kamar yadda ake sayar da fuloti. Mafi girmansu shi ne Service Corporation International, wanda aka fi sani da SCI, da aka kafa a birnin Hustan na jihar Teksas a 1962, yana kuma riƙe da makabartu fiye da 400 da gidajen shirya jana'iza fiye da 1,400 a Amurka da Kanada. A cikin takardar cinikin irin waɗannan makabartu akwai wani layi na kuɗin da suke kira kulawa ta har abada. Mai saye zai biya sau ɗaya, a ce masa daga yau ya huta da tunanin ciyawa da zaizayar ƙasa. A kan wannan alkawari, da kuɗin da aka tara da sunansa, dubban iyalai suka haɗa kai suka je kotu.

Lissafin da ba ya cika

Matsalar makabarta ta kuɗi a fili take ga duk wanda ya taɓa yin kasuwanci. Kabari sau ɗaya ake sayar da shi, ciyawa kuwa kowace shekara take fitowa. Muddin akwai sauran fili, kuɗi na shigowa, ana biyan ma'aikata. Ranar da fili ya ƙare, ciniki ya tsaya, amma katanga za ta ci gaba da zubewa, hanyoyi su ci gaba da lalacewa. Don haka jihohi da yawa na Amurka suka yi doka cewa dole a cire wani kaso daga kuɗin kowane kabari a zuba a wani asusun amana. A jihar Filorida kashi 10 cikin 100 ne, a wasu jihohin ya kai kashi 15. Bisa ƙa'ida ba a taɓa uwar kuɗin, ribar da take haifarwa kaɗai ake kashewa wajen gyara.

Tsari ne mai kyau a takarda. Amma bari mu buga lissafi. A ce mutum ya sayi kabari dala 2,000, aka cire kashi 10, watau dala 200, aka zuba a asusu. A ce asusun yana kawo ribar kashi 4 a shekara. Dala 8 ke nan. Da wannan dala 8 za a biya mai yanke ciyawa, a sayi man inji, a gyara magudanar ruwa, bana da baɗi da shekara ɗari masu zuwa, alhali farashin kaya yana hawa, kuɗin da aka ajiye kuwa yana nan inda yake. Kakannin da suka sayi kabari shekaru 70 da suka wuce a kan 'yan daloli, abin da suka bari a asusu ko kuɗin aikin sa'a guda ba zai biya ba yau.

Wannan ke nan idan kowa mai gaskiya ne.

Sai kuma batun abin da mai saye ya ji da abin da takarda ta faɗa. Wanda aka ce masa za a kula da kabarin matarsa har abada, abin da yake gani a zuciyarsa shi ne kabarin nan guda, a share, dutsen da ke ɗauke da sunanta a tsaye. A yawancin takardun ciniki kuwa, abin da ake nufi shi ne kula da makabarta a dunƙule, watau yanke ciyawa da gyaran hanyoyi da shinge, gwargwadon abin da ribar asusu za ta iya ɗauka. Idan dutsen ya karkace ko ya tsage, galibi na iyali ne. Daɗin daɗawa, ranar da mutuwa ta zo akan tarar akwai sauran kuɗi: na tona ramin da rufe shi, na akwatin kankare da ake sa akwatin gawa a ciki don kada ƙasa ta lotsa, na kafa dutse, wani wurin har da na duba dutsen idan daga waje aka sayo shi. Duk wanda ya taɓa zama da iyali a daren rasuwa ya san cewa a wannan lokaci ba mai ƙarfin karanta shafi goma na ƙananan rubutu. Abin da aka miƙo masa zai sa wa hannu.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta san da haka. Tun 1984 hukumarta mai kula da ciniki, FTC, ta kafa ƙa'idar da ta tilasta wa gidajen shirya jana'iza su ba mai saye jerin farashi a rubuce, kowane abu da kuɗinsa. Sai dai ƙa'idar ta tsaya ne kan waɗanda suke haɗa sayar da kayan jana'iza da aikin jana'iza, saboda haka makabartu da yawa suna wajenta. An bar su ga dokokin jihohi, wata jihar da tsanani, wata kuwa sakaka.

Mece ce ƙarar gayya?

Mun kira ta ƙarar gayya ne domin ta yi kama da aikin gayya. Mutumin da aka cuce shi dala 300 ba zai ɗauki lauyan da zai ci dala 30,000 ba, kamfani ma ya san haka. Amma idan mutum 10,000 aka yi wa cuta iri ɗaya, dokar Amurka ta yarda mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su tsaya a madadin sauran duka. Ƙa'ida ta 23 ta dokokin shari'a na kotunan tarayya, wadda aka yi wa babban gyara a 1966, ita ce ginshiƙin abin, jihohi kuma suna da irinta. Kafin alƙali ya amince, sai ya gamsu cewa mutanen suna da yawan da ba za a iya tara su ɗaya bayan ɗaya ba, ƙorafinsu iri ɗaya ne, wanda ya tsaya musu abin da ya same su ne ya same shi, kuma shi da lauyoyinsa za su riƙe amanar sauran. Idan ƙarar ta neman diyya ce, sai an aika wa kowa sanarwa, wanda ba ya so ya cire sunansa, wanda ya yi shiru kuwa hukuncin ya hau kansa. Lauyoyi ba sa karɓar kuɗi tun farko. Suna jiran kasonsu ne daga abin da aka samu, sau da yawa rubu'i zuwa sulusi. Wanda ya taɓa ganin shari'ar gona a kotunanmu, inda mutum biyu suke tsayawa a madadin zuriya guda, ya fahimci tushen abin, ko da yake ta Amurka ta fi faɗi nesa ba kusa ba.

Sayen akuya da kuɗin akuya

A 2004 wani ɗan kasuwar man fetur daga jihar Okalahoma, Clayton Smart, ya mallaki makabartu 28 a jihar Mishigan, ya kuma mallaki makabartu da gidajen jana'iza na Forest Hill a birnin Memfis na jihar Tenesi. Abin da ya ja hankalinsa ba kaburbura ba ne, asusun amana ne. An kwashi kuɗin da tsofaffi suka tara don jana'izarsu da gyaran kabarinsu aka karkatar da su, har da zubawa cikin harkokinsa na mai da gas. Masu gabatar da ƙara a Mishigan sun lissafa fiye da dala miliyan 60. A watan Yuli na 2006 ya fito ya sanar cewa yarjejeniyoyi 13,500 na jana'izar da aka riga aka biya a Forest Hill ba za a cika su yadda aka rubuta ba, duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya ciko kuɗi. Masu karatu su auna halin tsohuwar da ta shekara goma tana biya kaɗan-kaɗan don kada ta bar wa 'ya'yanta nauyi, ta ji wannan sanarwa a rediyo. An kama shi a 2007, ya amsa laifinsa a 2011, aka yanke masa ɗauri. Iyalai sun shigar da ƙararraki, kotuna kuma suka naɗa masu riƙon ƙwarya suka karɓi makabartun suna bin sawun kuɗin.

Kusan lokaci guda irin wannan ta faru a jihar Indiyana. A ƙarshen 2004 wani ya sayi kamfanin makabartu, aka zarge shi da kwashe fiye da dala miliyan 20 daga asusun amanar makabartun, har da biyan wani ɓangare na kuɗin cinikin da su. Watau ya sayi akuya da kuɗin da aka ajiye don dusarta. Wata mata da ta sayi wurin kwanciyarta tun tana raye ta kai ƙara a madadin sauran masu saye. A nan ne darasin yake, domin kotu ta ƙi amincewa da ƙarar a matsayin ta gayya, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar kuma ta tabbatar da haka a 2011. Dalilinsu shi ne, mai riƙon ƙwaryar da kotu ta naɗa yana bin kuɗin nan don mayar da su asusu, saboda haka hanyarsa ta fi dacewa. Hujjar tana da ma'ana, amma ta nuna wani abu da masu saye da yawa ba su sani ba: kuɗin gyaran da ka biya, da zarar sun shiga asusu, ba naka ba ne da za ka ce a dawo maka da su. Na makabarta ne. Abin da kake da shi alkawari ne kawai.

Inda aka ci manyan kuɗi

Ƙararrakin da suka kawo diyya mai yawa su ne waɗanda rashin kulawa ya wuce ciyawa ya kai ga gawa. A watan Disamba na 2001 iyalai suka kai SCI ƙara a kan makabartun Yahudawa biyu da ake kira Menorah Gardens a kudancin Filorida. An yi zargin cewa an sayar da kaburbura fiye da yadda fili zai ɗauka, ana binne mutane a ramin da ba nasu ba, ana fasa akwatunan kankare don a samu wuri, har an zubar da ƙasusuwan wasu a cikin kurmin da ke maƙwabtaka. Ga Yahudawa, waɗanda addininsu ya tsananta kan kada a taɓa mamaci bayan an binne shi, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. A watan Disamba na 2003 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 100.

Mutum zai zaci wannan ya isa ishara. A 2009 sai ga wata ƙarar a kan kamfanin dai, wannan karon game da makabartar Yahudawa ta Eden Memorial Park a yankin Los Anjalis na Kalifoniya, da zargin cewa ana sa ma'aikata su fasa akwatunan kankare na kaburburan da ke gefe don a cusa sababbi. An yi sulhu a 2014 ana tsakiyar shari'a, a kan dala miliyan 80.5, a madadin mutane kimanin 25,000, kamfanin kuma bai amsa laifi ba. A lura da wani abu a nan: tsabar kuɗin da aka ware bai kai rabin wannan adadi ba, sauran ƙiyasi ne na darajar gyare-gyare da matakan da kamfanin ya yi alkawarin ɗauka. Lambar da take fitowa a kanun jarida daban, abin da yake shiga aljihun gwauruwa daban.

Duk da haka waɗannan iyalai sun yi sa'a ta wata fuska, domin wanda suka kai ƙara yana da abin biya. Talakawa baƙar fata na Shikago da Memfis ba su samu wannan ba.

Makabartar Burr Oak da ke garin Alsip kusa da Shikago tana cikin 'yan wuraren da suke karɓar gawar baƙar fata a zamanin da sauran makabartu suke korarsu. A can aka binne Emmett Till, yaron nan mai shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a jihar Misisifi a 1955, wanda mahaifiyarsa ta sa aka bar akwatinsa a buɗe don duniya ta ga abin da aka yi masa. A watan Yuli na 2009 aka gano cewa wasu ma'aikata suna tone tsofaffin kaburbura, su watsar da ƙasusuwa a bayan fili, su sake sayar da ramin su sa kuɗin a aljihu. Kaburbura aƙalla 200 abin ya shafa. An gurfanar da mutum huɗu, shugabar wurin ta sami ɗaurin shekara 12. A cikin binciken aka tarar da akwatin farko na Emmett Till, wanda aka ciro lokacin da aka tono gawarsa don bincike a 2005, yashe a wata rumfa yana tsatsa. Yanzu yana gidan tarihin baƙar fatar Amurka da aka buɗe a Washintan a 2016. Sunan kamfanin da ya mallaki makabartar kuwa Perpetua, kalmar Latin mai nufin abin da ba ya ƙarewa. Watanni kaɗan bayan fallasar ya shiga kotun karayar arziki, dubban masu ƙara suka koma layin masu bin bashi. Jihar Ilinoi ta yi sabuwar dokar sa ido kan makabartu a 2010, bayan ɓarna ta riga ta auku.

A gefen Memfis kuma akwai makabartar Galilee Memorial Gardens. Rajistarta ta ƙare a ƙarshen 2010, amma aka ci gaba da binne mutane har aka rufe ta a farkon 2014. An yi zargin ana jibga akwatuna a rami ɗaya, ana murƙushe na ƙasa da injin tona don na sama ya shiga, ana kuma binne wasu a filin maƙwabta. Iyalan mamata kimanin 1,200 suka yi ƙarar gayya. Da yake makabartar ba ta da ko sisi, sai suka nufi gidajen jana'izar da suka riƙa kai gawa can. A 2018 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora kusan dukan laifin kan makabartar, suka yanke dala 7,500 a kan kowane mamaci. An ci shari'a a kan wanda ba shi da abin biya. Mafi ciwo, takardun wurin sun rikice, ta yadda iyalai da yawa ba su san takamaiman inda nasu yake kwance ba.

Mu ma ba mu fita ba

Ba zai yi kyau mu nuna kamfanoni da yatsa mu tsallake gida ba, domin ikkilisiyoyi ma suna riƙe da makabartu suna karɓar irin wannan kuɗi. A 2007 hukumar Ikkilisiyar Katolika ta birnin Milwoki a jihar Wiskonsin ta kafa wani asusun amana na kula da makabartunta, a 2008 kuma ta mayar da kimanin dala miliyan 55 cikinsa. A 2011 ta shiga kotun karayar arziki saboda ƙararrakin mutanen da wasu firistoci suka ci zarafinsu suna yara. Masu ƙara suka ce an ɓoye kuɗin ne don kada a biya su. Ikkilisiya ta ce tun asali kuɗin na makabarta ne, masu sayen kaburbura suka tara su. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar 'yancin addini ba za ta hana a bi kadin kuɗin ba, a shekarar kuma aka yi sulhu kan dala miliyan 21, wani kaso mai tsoka daga asusun makabartar. Ko ta wane gefe mutum ya tsaya, abin da ya fito fili shi ne, kuɗin da aka karɓa da sunan matattu, idan ba a raba su da sauran kuɗi tun ranar farko a rubuce ba, wata rana za a yi jayayya a kansu.

Cinikin kabari na farko da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarinsa yana cikin Farawa sura 23. Saratu ta rasu a Hebron, Hittiyawa suka yi wa Ibrahim tayin wuri kyauta, ya ƙi. Ya auna shekel 400 na azurfa ya ba Efron a gaban jama'a a ƙofar gari, labarin kuma ya bi abin da aka saya ɗaya bayan ɗaya, filin da kogon Makfela da itatuwan da ke cikin iyakarsa. Mutum ne mai makoki, gawar matarsa ba a binne ba tukuna, amma bai bar kunya ko baƙin ciki sun hana shi fayyace ciniki a gaban shaidu ba. Mu kuwa sau nawa ake yanka kuɗin katangar makabarta ko na maigadi a ikkilisiyoyinmu, a tara, shekara ta zagayo ba katanga ba bayani, kowa yana jin nauyin tambaya don kada a ce ya raina dattawa?

Ƙofar tana ƙara ƙunci

A ganinmu ƙarar gayya ta yi amfani. Ba don ita ba, da abubuwa da yawa sun tafi a rufe, kuma tsoron biyan dala miliyan 100 yana gyara hali fiye da wa'azi. Amma magani ne da yake zuwa bayan ciwo ya ci jiki. Shari'ar Eden ta ɗauki shekara biyar, masu saye da yawa kuma tsofaffi ne. Sannan ƙofar ma tana ƙara ƙunci. A 2011 Kotun Ƙoli ta Amurka, a wata shari'a da ta taso kan harajin dala 30 da kamfanin AT&T ya caji masu sayen wayar da aka tallata a matsayin kyauta, ta yanke cewa kamfani yana iya rubutawa a yarjejeniya cewa duk wani saɓani sai dai a kai gaban mai sasantawa, kowa shi kaɗai, ba gayya. Tun daga nan wannan sharaɗi ya bazu cikin takardun ciniki iri-iri. Wanda zai sa hannu a takardar kabari a Amurka, ya nemi wannan layin kafin kowane.

Abin da muka koma muka gaya wa dattijuwar nan shi ne, ta sa abokan ɗanta su nemi amsa a rubuce daga makabartar: nawa ne daga cikin abin da aka biya ya shiga asusun amana, wane banki yake riƙe da shi, me gyaran ya ƙunsa, wa ke da alhakin dutsen idan ya faɗi, wace hukumar jiha ce take duba littattafansu. Su kuma karɓi takardar mallaka mai ɗauke da lambar sashe da layi da rami, su ɗauki hoton wurin tare da kaburburan da ke dama da hagu, domin a Galilee da Burr Oak rashin sanin wuri ne ya fi cin mutane. Tambayoyin nan su ne dai wanda zai sayi wuri a makabartar kuɗi a Legas ya kamata ya yi, kuma tun da aka yi dokar kare masu saye ta 2018 akwai hukumar FCCPC da ake kai wa kuka. Game da tambayarta ta farko kuwa, mun faɗa mata gaskiya: "Mama, ba wanda aka ɗauka aiki don ya riƙa duba kabarin ɗanki shi kaɗai. Sai in abokansa sun ɗaukar wa kansu."

Ƙasashen Turai da yawa sun rage yin alkawarin har abada. A Jamus kabari haya ake bayarwa, galibi shekara 20 zuwa 30, iyali su sabunta ko su saki. A Faransa akwai na shekara 15 da 30 da 50, akwai kuma na dindindin, amma ko shi, idan ya haura shekara 30 aka tabbatar an yi watsi da shi, hukumar gari tana da ikon karɓewa bayan ta bi matakan sanarwa. A Ingila, tun dokar 1977, ƙananan hukumomi ba sa sayar da haƙƙin kabari na fiye da shekara 100. Kunnenmu ba ya son jin haka, mun sani, domin a wurinmu inda aka sa mutum nan ne gidansa. Amma aƙalla mai saye ya san abin da ya saya.

Ingila ba ta kai ga wannan ba sai da ta gani da idonta. Makabartar Highgate a Landan wani kamfani ne ya buɗe ta a 1839, masu kuɗin zamanin suka yi rububin sayen kaburbura na har abada. Fili ya ƙare, ciniki ya ja baya, kamfanin ya durƙushe a 1960, itatuwa da kurangar daji suka rufe kaburburan har ana fasa su ana ɓarna. A 1975 wasu mutanen gari suka kafa ƙungiyar sa kai suka shiga da almakashi da adda, kamar dai gayyarmu ta kaka. Kuɗin shiga da baƙi suke biya, da yawansu don ganin kabarin Karl Marx da aka binne a can a 1883, yana cikin abin da ake gyaran wurin da shi. A 2022 majalisar dokokin Birtaniya ta yi wa makabartar doka ta musamman, wadda ta ba masu riƙe da ita iko, bayan sanarwa da jiran masu ƙorafi, su soke haƙƙin tsofaffin kaburburan da ba mai nemansu, su sake binne wasu a wurin.